Yadda Jarida Ta Iso Ƙasar Ruma

A darasin tarihi na wannan zango an sa mu, mu 'yan ƙasar Ruma da ke koyon aikin malanta a nan, mu nemo labarin yadda jarida ta fara shiga garuruwanmu, mu rubuta shi domin amfanin sauran 'yan'uwa. Da fari mun raina aikin. Muka ce, me ke cikin labarin takardar da a ke karantawa yau, gobe a ƙunsa ƙosai a cikinta? Amma da muka shiga bincike sai muka tarar ashe labarin jarida a garin bakin iyaka labarin rai da dukiya ne. Ga abin da muka samo, muna roƙon wanda ya ga kuskure ya gyara mana.

Ruma garin bakin daga

Ruma tana yamma da birnin Katsina. A yau Sarkin Ruma yana zaune a Batsari, Safana kuwa ita ce mazaunin Yariman Katsina, dukansu biyu kuma ƙananan hukumomi ne cikin Jihar Katsina wadda aka ƙirƙiro a 1987. Daga arewa akwai Jibiya, bayanta sai ƙasar Maraɗi. Daga yamma ga dajin Rugu, wanda ya miƙe har ya shiga ƙasar Zamfara.

Wanda ya dubi wannan shimfiɗa zai gane dalilin da ya sa Rumawa suka zama mayaƙa. A 1807 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsoffin sarakunan suka yi arewa, daga baya suka kafa mulkinsu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗankasawa. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna a Tsibiri, dab da Maraɗi. Tun daga nan har ƙarshen wannan ƙarni ba a daina kai hari tsakanin arewa da kudu ba, tun ba zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ba. Ruma kuwa tana bisa hanyar mahara. Cikin wannan zamani ne aka yi jarumai irin su Ɗanwaire, wanda har yau ba a ambaci Ruma ba tare da an tuna da shi ba.

Yadda labari ke tafiya a dā

Mutumin da ke zaune a tsakiyar ƙasa yana iya jin labari don nishaɗi. Mutumin bakin daga kuwa, in labari ya makara masa da yini ɗaya, sai ya wayi gari an kore shanunsa, an kame 'ya'yansa daga gona. Saboda haka kakanninmu suka yi wa labari tanadi mai kyau. Akwai magewaya da ke kwana cikin daji suna duban ƙura da sawun dawaki. Akwai fatake da ke cin kasuwannin ɓangarorin biyu, su dawo da kaya a kan jaki, da labari a baki. Akwai manzon sarki bisa doki, ɗauke da wasiƙa da Larabci mai hatimi. In abu ya shafi jama'a duka, sai a buga ganga, mai shela ya zaga yana yekuwa.

Wannan hanya tana da ƙarfi iri biyu. Na farko, tana da sauri gwargwadon zamaninta. Na biyu, an san wanda ya kawo magana, in ya yi ƙarya akwai wanda za a kama. Amma tana da rauni biyu kuma. Magana in ta bi bakuna da yawa sai ta canza kama, mahaya goma su zama ɗari kafin labari ya kai ƙofar gari. Sa'an nan iyakar ganinta shi ne iyakar inda doki da ɗan fatauci su ke kaiwa.

A 1903 Turawan Ingila suka shigo Katsina. Bayan haka Ingila da Faransa suka shirya tsakaninsu inda iyaka za ta bi, daga 1906 zuwa 1908 ma'aikatansu suka bi ƙasa suna kafa alamu. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina da Ruma suka zauna hannun Ingila. Hari ya tsaya, mutane suka fito daga bayan ganuwa suka sari sabbin gonaki. To, a nan ne fa abu ya juya. Daga wannan lokaci al'amuran da ke taɓa talakan Ruma, watau haraji da jangali da kuɗin gyaɗa da ɗibar soja, a Kaduna da Ikko da London a ke yanke su. Ba magewayin da zai iya hango abin da ke tahowa daga can. Ana bukatar wani sabon magewayi, shi ne jarida.

Jaridun farko

Jarida ta riga ta daɗe a kudancin Nijeriya. A 1859 wani ɗan mishan mai suna Henry Townsend ya fara buga Iwe Irohin da Yarbanci a Abekuta, ana sayar da ita wuri 120, ta yi ta fitowa har 1867. Watau tsakaninta da jaridar Hausa ta sosai shekara 80 ne cif. Me ya kawo wannan jinkiri, alhali ƙasar Hausa ta fi ƙarni da ƙarni tana da malamai masu rubutu?

Dalili shi ne, rubutun malamanmu na Larabci ne da ajami, da hannu a ke kwafe shi, kuma a kan addini da shari'a da waƙa da wasiƙun sarauta ya fi tsayawa. Masu karatun boko kuwa kaɗan ne ƙwarai. Sai a 1909 Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano. Kwalejin Katsina ta horar da malamai kuwa sai a 1922 Gwamna Clifford ya buɗe ta. Har yadda za a rubuta Hausa da boko ma sai da aka sha wuya kansa. An yi zamanin da a ke ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi don a bambanta kafa da ƙafa, ko daki da ɗaki, kafin a tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa da mu ke koya wa yara yau. Jarida ba ta tsayuwa sai da abu uku: masu karatu, da rubutu tsayayye, da maɗaba'a.

A farkon shekarun 1930 Gwamnati ta fara fid da wata takarda mai suna Jaridar Nigeria Ta Arewa, cikin harshe uku, Turanci da Hausa da Larabci. Sau kaɗan ta ke fitowa a shekara, sarakuna da ma'aikata aka fi nufi da ita, labarinta kuwa na rangadin manya ne da naɗin sarautu da shawarwarin noma da lafiya. Ta yi amfani wajen share fage. Amma labarin da ya kwana wata uku a hanya ya zama tarihi, ba shi da abin da zai tsinana wa mutumin bakin iyaka.

Gaskiya Ta Fi Kwabo

A Zariya akwai ofishin talifi wanda Dokta R. M. East ya ke shugabanta. A 1933 ofishin ya sa gasar rubuta labari da Hausa, aka sami littattafai biyar. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ruwan Bagaja, wanda wani saurayin malami na Midil ta Katsina ya rubuta, sunansa Malam Abubakar Imam. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932. Wansa Malam Bello Kagara shi ya rubuta Ganɗoki a wannan gasa, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, shi ma tsohon ɗan Kwalejin, ya rubuta Shaihu Umar. Daga baya aka ari Malam Abubakar Imam zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Mu lura da wannan, 'yan'uwa: malamin makaranta ne irinmu aka ɗauko daga gaban allo.

Abin da ya gaggauta kafa jaridar shi ne jita-jita. A 1938 Hitila na Jamus yana ta neman a mayar wa ƙasarsa da mallakokin da aka ƙwace mata a Afirka bayan yaƙin 1914 zuwa 1918, ciki har da Kamaru da ke maƙwabtaka da mu. Sai magana ta bazu cikin Nijeriya cewa Ingila za ta miƙa ƙasar ga Jamus don a zauna lafiya. Hukuma ta ga ba ta da bakin da za ta yi magana da talakawa kai tsaye. A watan Janairu na 1939 aka fid da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta farko, Malam Abubakar Imam ne editan Hausa. Da fari wata-wata ta ke fitowa, daga baya aka riƙa matso da fitowarta.

Sunan ma darasi ne. Kuɗinta kwabo ɗaya, kwabo goma sha biyu kuwa su ne sule, saboda haka ko ɗan kasuwar ƙauye yana iya saye. Sunan yana gaya wa mai saye cewa abin da ke ciki ya fi abin da ya biya. Alkawari ne babba, kuma da shi ya kamata a auna ta.

Abin da ya sa ta karɓu shi ne Hausarta. Edita bai ɗauko Turanci ya sa masa rigar Hausa ba. Yakan kawo al'amarin Turai ya kwatanta shi da abin da manomi ya sani, ya sa karin magana inda ta dace, ya tsara zance yadda in an karanta da ƙarfi zai shiga kunne kamar hira. Ya san yawancin masu amfana da jaridar da kunne za su karɓe ta. Bayan haka aka riƙa haɗa ta da wata 'yar takarda ta ajami, 'Yar Gaskiya, domin almajirai da malaman zaure waɗanda ba su yi boko ba.

Iyaka ta sake zafi

Wata takwas da fitowar jaridar, a Satumba ta 1939, yaƙin duniya na biyu ya tashi. A Yuni ta 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus. Ƙasar Cadi ta bi Janar de Gaulle ta tsaya tare da Ingila, amma ƙasar Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har Nuwamba ta 1942. Ku duba abin da wannan ke nufi ga ƙasarmu. Maraɗi, inda mutanen Jibiya da Ruma ke da dangi da surukai da abokan ciniki, ta zama ƙasar da hukuma ke dubanta da idon tuhuma. Shekara arba'in bai cika ba da daina hari daga arewa, ga tsofaffin da suka ga harin da idonsu suna nan da rai. A irin wannan hali ƙaramar magana a kasuwa ta isa ta sa gari ya kwana ba barci.

Har wa yau an ɗebi samarin Arewa aikin soja, aka kai su gabashin Afirka yaƙi da Italiya, daga baya kuma aka kai su Bama yaƙi da Japan. Uwa a ƙauye ba ta taɓa jin sunan Bama ba, balle ta san ko ana komowa daga can. Jarida ita ce ta riƙa faɗin inda yaƙi ya kai, da dalilin tsadar gishiri da kananzir da tufafi, da dalilin da ya sa a ke matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa.

Ruma ba ta da maɗaba'a, jaridar daga Zariya ta ke zuwa, ta biyo ta hannun En'e ta Katsina zuwa gundumomi. Masu iya karanta ta a gunduma ba su da yawa: malamin hakimi, da malamin makarantar elemantare, da malamin asibiti, da malamin daji ko na gona. Saboda haka kwafi ɗaya yakan yi wa mutane da yawa aiki. A zauna ƙofar gida bayan la'asar, mai karatu ya ɗaga murya, masu sauraro su tsai da shi su yi tambaya, gobe kuma su kai abin da suka ji kasuwa. Watau jarida ta shiga tsohuwar hanyar baki da baki, ta ba ta tushe. Bambancin shi ne yanzu in gardama ta tashi ana iya komawa ga takarda a sake dubawa, baƙin da ke jikinta ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa.

Kada mu yabe ta fiye da kima

Wajibi ne ɗalibin tarihi ya faɗi ɗaya gefen. Gaskiya Ta Fi Kwabo jaridar hukuma ce, da kuɗin hukuma aka kafa ta, kuma lokacin yaƙi aikinta ne ta ƙarfafa wa mutane zuciya su goyi bayan Ingila. Labarin nasara yakan sami fili fiye da labarin hasara. Mai karatu mai hankali ya kamata ya san bakin wa ke magana.

Duk da haka ta buɗe wata ƙofa da waɗanda suka kafa ta ba su iya rufewa ba, ita ce shafin wasiƙu. A dā talakan da aka zalunta sai ya bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, wataƙila ma wanda zai kai ƙara shi ne a kan hanyar. Yanzu ga wuri da mai ilmi zai rubuta kukansa, mutanen lardi goma sha biyu su karanta. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka riƙa rubutu a kan cin hanci da aikin tilas da ƙarancin makarantu da ilmin mata. A 1943 Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Dokta Azikiwe mai jaridar West African Pilot, ya gana da Lugga ya gaya masa damuwar matasan Arewa. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur ta Zariya da maɗaba'arsa, a 1948 kuma ya fara fid da jaridar Turanci, Nigerian Citizen. Mutanen da suka saba da muhawara a shafin jarida su ne suka kafa jam'iyyun siyasar Arewa wajen 1950.

Himma, jaridar lardinmu

Gaskiya ta Arewa ce duka, ba ta da filin da za ta ba da labarin ko wace gunduma. Jaridar da ta fi kusa da zama tamu ta zo ne a shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, sa'ad da aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin jagororin aikin. Aka lura cewa dattijon da ya koyi karatu cikin 'yan watanni, in bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu ya manta. Saboda haka hukumar talifi ta NORLA a Zariya ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu: Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau, Zumunta ta Bauci, ta lardin Katsina kuwa sunanta Himma. Hausarsu mai sauƙi ce, labarinsu na gida ne. Mutum ya ga sunan gundumarsa cikin ɗab'i, wannan kaɗai ya isa ya sa shi ya dage da karatu.

Ƙananan jaridun nan ba su yi tsawon rai ba. Da kuɗin hukuma su ke tafiya, ba su da 'yan kasuwa masu talla da za su riƙe su, kai su ƙauye kuma yana da tsada. Da aka rufe NORLA a 1959 sai suka yi ta ɓacewa. Ga kuma rediyo ya shigo, sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, shi kuwa ba ya bukatar mota ko iya karatu. Gaskiya Ta Fi Kwabo dai ta jure, ta yi fiye da shekara 70 tana fitowa kafin ta tsaya. Malam Abubakar Imam ya rasu a 1981, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya shafe mu

Ba don daɗin tarihi kaɗai muka kawo wannan labari ba. A shekarun baya-bayan nan ƙasar Ruma ta sake zama bakin daga, 'yan bindiga daga dajin Rugu sun kashe mutane, sun kore dabbobi, sun ta da ƙauyuka. A Satumba ta 2021 har an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Batsari da Safana suna ciki, mutanenmu suka koma jiran wanda ya dawo daga kasuwa su ji labari kamar zamanin kakanni. Da waya ta dawo kuma sai ɗaya cutar ta dawo tare da ita. Saƙo yana zuwa cikin ƙiftawar ido, amma ba a san wanda ya fara shi ba. Labarin ƙarya na hari yakan sa a bar gona ba a girbe ba, ko a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Labarin gaskiya kuma in an saba da ƙarya sai a ƙi gaskata shi, har abin ya auku.

Kakanninmu sun san mai kawo labari da fuskarsa. Jarida ta zo da sunan edita da kwanan wata da takardar da a ke iya komawa gare ta. Mu da za mu koma gundumominmu mu koyar, mu ne magadan malamin nan da ke karanta wa jama'a jarida a ƙofar gida, za a kuma tambaye mu ko abin da aka ji gaskiya ne. Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara uku.

Ta farko, mu koya wa yara su yi wa ko wane labari tambaya uku kafin su kai shi gaba: wa ya faɗa, gani ya yi ko ji ya yi, kuma me zai samu in an yarda?

Ta biyu, a hutun nan ko wanenmu ya zauna da dattawan garinsu ya tambaye su wa ya fara karanta musu jarida, a ina a ke zama, wane labari ne ba su manta ba. Ya rubuta abin da suka faɗa da sunan gari da kwanan wata. In an sami tsohon kwafin Gaskiya ko na Himma cikin adaka, kada a bar wa gara, a ɗauki hotonsa, a sanar da ma'ajiyar tarihi ta Kaduna ko Gidan Arewa.

Ta uku, ko wace makaranta da aka tura mu, mu fara jaridar bango, ko da takarda ɗaya ce a mako. Yara su kawo labarin unguwarsu, ko wane labari da sunan wanda ya kawo shi, in an yi kuskure a gyara a fito na gaba a gaban kowa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasar Ruma da maƙwabtanta zaman lafiya, ya sa mu fi ƙarfin harsunanmu da alƙalumanmu, amin.